Makokin Baban Sista Amparo

Ni Martina ba na son a ce na yi kuskure, balle idan mijina Gregory yana kusa yana ji. Amma wannan kam na yi shi, a gaban mutum fiye da ɗari biyu kuwa, don haka ɓoyewa ba ta da amfani.

A shekarar 1976 ni ce mai dafa abinci a wani ɗan asibitin mishan da ke kan hanyar Kagoro in ka baro Kafanchan. Asibiti dai a baki, ɗaki huɗu ne da baranda da madafa a gefe. Mai riƙe da shi Sista Amparo ce, wata gajeriyar mata daga ƙasar Meziko, mai saurin tafiya da saurin faɗa. Shekararta goma sha ɗaya a wurinmu, rabin yaran ƙauyukanmu a hannunta suka faɗo duniya. Hausarta irin tamu ce, ta kasuwa da majami'a, mace da namiji duk “shi” ne, ba mai yi wa wani dariya. Tuwon acha da hannu take cinsa, barkono kuwa sai na ɓoye mata.

Wata Litinin a ƙarshen damina wasiƙa ta zo mata. A tsaye ta karanta a bakin madafa, ta ninke, ta sa a aljihu, ta je ta yi wa mutum goma sha biyu allura. Sai da la'asar ta gaya mini babanta ya rasu, sati biyar ke nan. Shekararsa tamanin da huɗu.

Na ce, “Ubangiji ya ba shi hutawa. Ai ya daɗe a duniya, Sista. An dai yi masa kiɗa sosai ko?”

Ta ce, “Ba kiɗa, Martina. A birni ya mutu, a gidan yayana. Mota ta kai shi, Fada ya yi addu'a, kowa ya koma wurin aiki. Mutumin da ya yi shekara sittin yana yi wa mutane kiɗa.”

Daga ranar abinci ya daina shiga. In kai tuwo, in dawo da tuwo. Na yi mata miyar karkashi, na yi fate, har kaza na yanka, ta ce na gode ta rufe kwano. Bayan sati biyu ta ce manyanta sun ba ta izini, za ta tafi gida ran Juma'a ta sama, a jirgin ƙasa na ƙarfe huɗu. Wai hutu. To ni ba yarinya ba ce. Mai tafiya hutu ba ya rabar da kajinsa, ita kuwa har zakaran ta ba matar katakis, malamin majami'armu.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Kafin Sista ta zo, a kan keke ake ɗaukar mai naƙuda zuwa Kafanchan, kuma a kan wannan hanyar na rasa ɗana na fari. Yanzu ga 'yata Roseline da cikin wata takwas, cikin fari, ƙafafu duk sun kumbura. In Sista ta hau jirgin nan, na san ba mai zuwa a madadinta nan kusa.

Na zauna na yi tunani, na ga ciwon ba ɓoyayye ba ne. A wurinmu tsoho irin wannan ba kuka kaɗai ake yi masa ba. Ana kiɗa, ana rawa, a ɗauko rigarsa da hularsa da sandarsa, wani jika ko suruki ya saka, ya yi irin tafiyarsa, ya yi irin tarinsa, ya yi faɗan da ya saba yi, har 'ya'yansa su yi ta dariya hawaye na zuba. Sai an yi haka zuciya take yarda mutum ya tafi. Baban Sista an sa shi a ƙasa, amma ba a sallame shi ba, shi ya sa tuwo ya ƙi wucewa. Na ce to, in mutanen birninsu ba su san ya kamata ba, mu mun sani.

Saura kayan mamaci, mu kuwa ba mu da ko hularsa. Nan ne wayona ya kai ni ya baro. A ɗakin Sista akwai garmaho, da wani faifai da take jingina kwalinsa a bango kusa da hoton Uwa Maryamu. A jikin kwalin maza bakwai ne tsaye, cikin baƙaƙen kaya matsattsu, maɓallan azurfa jere daga ƙugu har idon sawu, kowa da malafa mai faɗin murfin tukunyar biki. A tsakiya ga wani ƙato mai tumbi da gashin baki, riƙe da begila. Wata rana ina shara ta taɓa ce mini, “Wannan kiɗan garinmu ne, mariyaci. Babana ma shi yake yi.” Me kuma nake jira? A wurinmu mace ba ta jingina hoton ƙato a ɗakinta sai nata ne. Na sa faifan da kwalinsa a ƙasan kwando, na rufe da alayyafo, na yi gida.

Gregory ma'aikacin reluwe ne, kuma shi ne shugaban masu kiɗan majami'armu, begila uku da ganga ɗaya. Mutumin kirki ne, sai dai in ya riƙe begilar nan ji yake duk Kafanchan a aljihunsa take. Na miƙa masa kwalin na ce, “Baban Roseline, ga baban Sista. Kai za ka zama shi ran Juma'a.”

Ya daɗe yana kallo, ya shafa cikinsa, ya ce, “Lalle babban mutum ne. Kin ga ma muna ɗan kama.”

Na ce, “A tumbi, ba musu.”

Washegari muka je kasuwa wurin Malam Arzika tela, wanda tun kakansa suke ɗinki a rumfa ɗaya. Ya gyara tabarau ya duba hoton, ya duba Gregory, ya ce, “Maman Roseline, shiga wannan wandon mai sauƙi ne. Fitar ce ban ɗauki alkawari ba.” Maɓallan azurfa babu su a kasuwar, sai ya ce a tattaro murafun kwalba a buge su da guduma. Ranar duk mai sayar da lemo a tasha ya san da zamana. Malafa muka samo wurin Fulani, gashin baki kuma bunsurun maƙwabta ya ba da gudummawa ba da son ransa ba.

Kwana huɗu suna koyon kiɗan a tsakar gidanmu da garmahon aro. Kaji sun ƙaura, maƙwabta sun daina gaishe mu. A gefe kuma babana Kumai yana zaune a kan turmi yana saurare. Ya haura saba'in a lokacin, manomi ne, kuma a zamaninsa ba a biki ko makoki daga nan har Fadan Kaje ba tare da molonsa ba. Tun da begila ta shigo aka daina kiransa, molon ya koma rataye a bayan ƙofa. A rana ta uku ya ɗaga hannu ya ce, “Ku ɗan sassauta ƙarfen nan. Akwai tsirkiya a ƙarƙashi, ita ke jan kiɗan. Ƙahon bin ta yake yi.”

Gregory ya ce, “Baba, wannan kiɗan manya ne, dubi kayansu. Ba na bakin gona ba ne.”

Ni kuma, da bakin nan nawa, na ƙara da cewa, “Baba, don Allah ran Juma'a ka huta a gida. Kada ka zo mana da molo a gaban baƙuwa ka ba mu kunya.” Ya tashi ya ɗauki fartanyarsa. Har yau in na tuna maganar nan sai na ji ba daɗi.

Ran Juma'a da ƙarfe biyu an riga an ɗaure akwatin Sista a bayan motar mishan. Ta fito baranda da jaka a hannu, sai ta ga filin asibiti cike, matan zumunta da ankonsu, tsofaffi a kan benci, masu jego da jariransu, har Malam Arzika ya rufe rumfa ya zo ganin aikin hannunsa. Can baya a gindin mangwaro na hango babana. Daga gona yake, da fartanya a kafaɗa da buhu a hannu, ya zauna nesa kamar ba da shi ake yi ba.

Na ba da alama, masu kiɗa suka ɓullo daga bayan madafa. Gregory ne a gaba, ya turo ciki, yana taku ɗai-ɗai don wandon bai yarda da fiye da haka ba, murafun kwalba suna ta kacau-kacau. Ya tsaya gaban baranda, ya murza gashin bunsuru, ya yi tari irin na manya, suka saki begila gaba ɗaya. Abin da ya fito dai, in ka yi haƙuri, ya ɗan yi kama da na faifan.

Sista ta saki baki. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta ajiye jaka, ta fashe da dariya har ta zauna a kan matakala tana riƙe ciki. Rabon da in ga haƙoranta sati uku. Na ce a raina, Martina, kin gama aiki. Na matsa kusa na ɗaga murya don kowa ya ji, na ce, “Sista, ga babanki mun kawo. Tun da ba a yi masa a can ba, mu za mu sallame shi yadda ake sallamar tsoho.” Na ɗaga kwalin faifan, na nuna ƙaton, na nuna Gregory.

Dariyar ta tsaya. Ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce a hankali, “Martina, wannan ba babana ba ne. Ban ma san shi ba. A kanti na sayi faifan ranar da zan baro gida.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, in ja Gregory mu tafi tare. Shi kuwa gumi ya jiƙa ƙaron da aka manna gashin bakin da shi, gefe ɗaya ya saki yana lilo. Wata tsohuwa a benci ta tambayi ta kusa da ita, da ƙarfi don ba ta ji sosai, “To makokin wa muka zo?”

Gregory ya cire malafa, ransa a ɓace, ya ce, “Amma Sista, ai kin ce babanki mariyaci yake yi. Ba haka suke shiga ba?”

Ta ce, “Na birni ke nan, Baban Roseline. Babana bai taɓa sa irin wannan wando ba. Begila kuwa in ya ji ta a rediyo, tsaki yake yi ya fita.”

Direban motar ya duba agogo, amma Sista ba ta tashi daga matakalar ba. Ta fara ba mu labari, da Hausarta mai gutsure-gutsure, mu kuma muka matso. Ta ce kiɗan nan a ƙauyukan yammacin ƙasarsu aka haife shi, wajen jiharsu Halisko, a hannun manoma da makiyaya. Turawan Sifen ne suka zo da goge irin nasu da jita, mutanen ƙasa suka karɓa suka sassaƙa nasu, suka zuba waƙoƙinsu a ciki. Ta ce akwai kuma baƙaƙen fata da aka kai can a zamanin bauta, su ma sun bar sawunsu a cikin bugun. Malam Arzika ya gyaɗa kai ya ce shi dama ya ji abin bai yi masa baƙo ba.

Ta ce mutum huɗu ko biyar ne, duk tsirkiya, ba ƙaho ko ɗaya. Su ake kira ran aure, ran baftisma, ran idin waliyyin gari, su ne kuma ke raka gawa. Ba a zuwa wurinsu a zauna a kalla, su ke zuwa ƙofar gidanka su tsaya, ko kana murna ko kana kuka, don kada ka yi shi kai kaɗai. Sai bayan babban yaƙin da aka yi a ƙasarsu, mutanen ƙauye suka kwarara birni, makaɗa suka bi su. A can aka sa musu kayan masu dawaki da manyan gonaki don su yi kyan gani, rediyo kuma ta zo aka ƙara begila don a ji su da nisa. Ta ce ba laifi ba ne, tana son na birnin ma, shi ya sa ta sayi faifan. Amma ba shi ne babanta ba.

Katakis, da yake ba ya barin magana ta wuce shi, ya tambayi ma'anar sunan. Ta ce wasu na cewa daga bakin Faransawa ya fito, daga kalmarsu ta aure, amma babanta in ya ji haka har tofar da yawu yake yi, ya ce sunan yana nan tun Faransawa ba su tako ƙasar ba. Shi a wurinsa sunan katakon da ake rawa a kai ne. Ta ce masu ilmi dai har yanzu musu suke yi. Abin da ta sani, a garinsu akan haƙa ɗan rami, a ɗora faffaɗan katako a kai, masu rawa su hau su yi ta dukansa da diddige. Ƙafar mai rawa ita ce gangarsu.

Na ce, murya ƙasa-ƙasa don kunya ba ta sake ni ba, “To shi baban naki yaya yake?”

Ta ce, “Siriri ne. Farin wando na auduga da ƙasar gona ta rina, takalmin fata duk ya tsufa. Hannunsa ya faffashe da noman masara. Yana da 'yar ƙaramar jita mai ƙusumbi, a buhu yake yawo da ita, daga gona ya wuce wurin biki ko wanka bai yi ba.”

Tana faɗa, na ga kawunan mutane suna juyawa ɗaya bayan ɗaya wajen gindin mangwaro. Sista ma ta bi su da ido. Babana yana zaune da wandonsa da ya taɓa zama fari, da takalmin taya, wuyan molo ya leƙo daga bakin buhu. Sista ta miƙe tsaye, ta sa hannu a baki, ta ce, “Kamar wancan.”

Tafiyar da na yi daga baranda zuwa mangwaron nan ba ta kai taku arba'in ba, amma na ji ta a jikina. Na durƙusa na ce, “Baba, na yi laifi. Ka yi haƙuri ka zo.”

Ya ce, “A'a, ni da aka ce kada in ba da kunya?” Ya bar ni a durƙushe har sai da ya ga na ji jiki, sannan ya tashi. Bai nufi baranda ba, tsakiyar fili ya je ya sa fartanya, sara kaɗan ya yi rami daidai misali. Ya ɗago ya ce, “Ina katakon?”

Ba faffaɗan katako a asibitin sai ƙofar madafata. Ni da Gregory muka ciro ta, garin sunkuyawa wandonsa ya yi abin da Malam Arzika ya yi hasashe, aka ba shi zane ya ɗaura. Muka kwantar da ƙofar a kan ramin.

Babana ya zauna a ƙasa, ya ɗaure tsirkiya, ya gwada ta sau biyu. Bai san waƙar Meziko ko ɗaya ba. Abin da ya tsinta a ƙarƙashin begila cikin kwana huɗun nan shi ya fara bugawa, da ya ƙare masa sai ya zarce da kiɗan da yake yi wa tsofaffinmu ran sallama, ban kuma ji inda ya haɗa su ba. Sista ta sauko. Ta hau ƙofar da baƙin takalminta na aiki, ta tsaya jim, sannan ta buga diddige ɗaya. Ƙofar ta amsa, dum. Ta sake bugawa. Kafin ka ce me, ƙafafun nan da muka saba gani suna sauri tsakanin gadaje suna ta zuba a kan katako, ta kama gefen rigarta, hawaye na gudu, bakinta na dariya. Can ta ɗaga kai ta saki wani dogon ihu mai kama da kuka a farko, ya ƙare da dariya. Matan zumunta ba su jira fassara ba, suka amsa mata da guɗa.

Gregory yana gefe da zane da begila, abin tausayi. Sista ta yafito shi ba ta daina rawa ba, ta ce, “Shigo, amma a hankali. Babana zai yi tsaki, amma zai haƙura.” Karo na farko a rayuwarsa Gregory ya busa begila a bayan wani, kuma wallahi ta fi daɗi.

Direba ya zo ya ce uku da rabi ta yi. Ya dawo ya ce saura kwata. Ba wanda ya kula shi, da ya gaji sai ya hau bayan mota ya zauna a kan akwatin yana kaɗa ƙafa. Da babana ya sauke hannu, Sista ta sauko daga ƙofar tana haki, ta durƙusa a gabansa yadda 'ya take yi, ta ce, “Na gode, Baba. Yanzu ya tafi.”

Ya ce, “Ya tafi da kyau, 'yata. Makaɗi ne, ai ya ji.”

Ta tashi ta share fuska da gefen mayafi. Har yanzu dai akwatin yana kan mota, kuma in direba ya taka da kyau za su iya tarar da jirgin, da yake bai cika zuwa a kan lokaci ba. Sista ta dubi motar. Ta dubi taron. Sai idonta ya faɗa kan Roseline, da ke tsaye a rana tun ƙarfe biyu da ƙaton ciki. Nan take fuskar aiki ta dawo.

Ta ce, “Ke, wa ya ce ki tsaya a rana da wannan ƙafa? Je ki zauna. Ran Litinin da safe ki zo in duba ki, kada ki makara.”

Litinin. Wato ba inda za ta. Na juya na shiga madafata da ba ta da ƙofa, na hura wuta, na ɗora tukunyar tuwo, na ɗauko barkonon da na ɓoye.